Hita tana aiki amma daɓen gida kamar ƙanƙara: daga ina sanyin yake shigowa?

Wani bawan Allah da ke zaune a ƙasar da ake zubar dusar ƙanƙara ya yi tambaya. Gidansa mai daɓen katako ne, kuma tsakanin daɓen da ƙasa akwai sarari da bai kai mita ɗaya ba, ba a shigarsa sai da rarrafe. Ma'aunin zafi na falo yana nuna digiri 21, amma ƙafa ba ta iya taka daɓen ko da safa biyu, yara ma sun daina wasa a ƙasa. Ya leƙa da tocila ya ga tsohuwar audugar gilas, wadda ake sawa don tare sanyi, a tsakanin katakai, wata ta zazzago tana reto. Bututun ruwa da bututun iskar ɗumi duk ta nan suka bi, kuma akwai ƙananan tagogin iska a jikin bangon harsashi. Wani ya ce masa ya ƙara auduga, wani ya ce ya toshe tagogin. Yana son sanin wanda zai bi.

Malam, duka biyun sun taɓo gaskiya, amma idan ka ɗauki maganar ɗaya kawai ka aiwatar a yau, akwai yiwuwar ka kashe kuɗi daɓen bai canza ba, ko kuma garin neman gira ka rasa ido. Na shafe shekaru ina rarrafe a irin wannan wuri, wanda zan riƙa kira kogo don sauƙin magana, kuma kuskuren da na fi gani ɗaya ne: mai gida bai yanke shawarar ko kogon nan cikin gida yake ko waje yake ba. Sai a bar shi rabi da rabi. Tagogi a buɗe kamar waje ne, bututun ɗumi a ciki kamar ɗaki ne, auduga a rataye ba ta tare komai. Gidanka, yadda ka siffanta shi, haka yake.

Kafin mu kai ga wannan shawara, ka fahimci abin da ke sanyaya daɓen. Mutane suna ɗauka sanyi ne ke ratso katako daga ƙasa, kuma akwai wannan, amma yawanci iska ce babbar mai laifi. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi sauƙi, don haka a lokacin sanyi takan taru a sama ta riƙa sulalewa ta kowace kafa da ke rufi: gefen fitilun sili, ƙofar hawa saman sili, inda waya da bututu suka huda. Duk litar iskar da ta fita ta sama, dole wata lita ta shigo ta maye gurbinta, kuma ta ƙasa take shigowa. Gidan gaba ɗaya ya zama kamar bututun hayaƙi. Idan sanyin waje ya ƙaru, jan ya ƙaru. Idan gidan bene ne, ya ƙara ƙaruwa. To ina iskar za ta fito? Daga kogon da tagoginsa ke buɗe, ta bi ramin da mai aikin famfo ya yanka a ƙarƙashin bahon wanka, ta bi tsagar da ke tsakanin daɓe da bango, ta shimfiɗu a ƙasan ɗaki domin ita ce mai nauyi. Ma'aunin zafinka yana rataye a bango a tsayin ƙirji, yana faɗa maka gaskiyar abin da ke can sama. Ƙafarka kuma tana faɗa maka gaskiyar abin da ke ƙasa.

Wannan ne ya sa wani lokaci nakan ba mutum mamaki, ya kira ni don daɓe in ce a kawo tsani in hau saman sili. Toshe kafofin sama yana rage jan da ke zuƙo sanyi ta ƙasa, kuma aikin ya fi rarrafe sauƙi.

Ka fara da awo, kada ka sayi komai tukuna. Nemi ma'aunin zafi irin wanda ake haska abu da shi daga nesa, ka tashi da asuba a ranar da sanyi ya yi tsanani, ka auna daɓen a wurare goma ko fiye: tsakiyar ɗaki, gefen bangon waje, ƙarƙashin taga, bakin ƙofa, gaban kabad ɗin kicin. Rubuta lambobin a takarda. Ƙa'idojin jin daɗin zama a ɗaki, irin su ISO 7730, suna sa daɓe tsakanin digiri 19 da 29 ga mai takalmi a ƙafa. Idan tsakiyar ɗaki yana 18 amma gefen bango yana 11, matsalarka tana bakin gida, wurin da katakon daɓe ya hau kan harsashi. Idan ko'ina 13 ne ko 14, kogon gaba ɗaya ya yi sanyi kuma audugar ba ta aiki. Idan ƙarƙashin manyan tagogi ne kawai, to wataƙila kogon ma ba shi da laifi: iskar ɗaki ce ke taɓa gilashi mai sanyi ta gangaro ta kwanta a ƙasa, maganinta labule mai kauri ko gyaran taga. Sannan ka kunna turaren tsinke ka bi gindin bango da shi a hankali. Inda hayaƙin ya karkata ya shigo ɗaki, nan iska ke shigowa.

Akwai wani abu da ba laifin gini ba ne. Tayil da katako suna iya zama a digiri ɗaya, amma tayil ya fi sanyi a tafin ƙafa saboda yana zuƙe ɗumin fata da sauri. In banɗaki ne ko kicin mai tayil ya fi damunka, ka sa wannan a lissafi, domin ko an gyara kogon tsaf, tayil ba zai taɓa jin kamar darduma ba.

Yanzu shiga kogon. Sa takunkumi mai kyau, tabarau, safar hannu da riga mai dogon hannu. Idan ka ga kashin ɓera, kada ka share shi a bushe, ka fesa masa ruwan bilic ka bari ya jiƙa, domin ƙurarsa tana ɗauke da cuta. Idan gidan ya girmi 1980 kuma ka ga wani farin abu kamar takarda ko filasta an naɗe tsoffin bututu da shi, kada ka taɓa, yana iya zama asbestos, sai an gwada. Idan kuma akwai ruwa kwance ga wayoyin lantarki a ƙasa, ka fito.

Abin da za ka fara dubawa ba auduga ba ce, ruwa ne. Ƙasar kogon a jiƙe take? Akwai farin gishiri-gishiri a jikin bango, ko layin da ke nuna inda ruwa ya taɓa kaiwa? Ƙusoshi sun yi tsatsa? Soka sukudireba a jikin azarar da ke ɗauke da daɓen, musamman ƙarshenta da ke kusa da bango. Idan ta shige kamar cikin soso, katakon ya ruɓe kuma aikinka ya koma na kafinta kafin na ɗumama. Akwai ƙaramar na'ura mai allura biyu da ke auna danshin katako. Ƙasa da kashi 16 cikin ɗari lafiya lau. Daga 20 zuwa sama ka tsaya ka nemi dalili. Idan ya kusa 30 ya daɗe a haka, ruɓa ta samu wurin zama. Na nanata wannan ne saboda duk abin da za ka yi don tare sanyi yana rage saurin bushewar katako. Gidan da iska ke kaɗawa ta ko'ina yana shan ruwa ya bushe shekara da shekaru bai ruɓe ba. Ka toshe shi da ruwan a ciki, shekara biyu sun isa ka ji warin funfuna a falo.

Yawancin ruwan kogo daga rufin gida yake. Indararo yana zubarwa a gindin bango, ko ƙasar da ke kewaye da gida ta karkato ciki. Ƙa'idar gini ta Amurka, IRC, tana son ƙasa ta gangara aƙalla inci 6 a cikin ƙafa 10 na farko daga bango, wato kusan santimita 15 a mita 3. Ƙara wa bututun indararo tsawo ya kai ruwan mita ɗaya da rabi ko biyu daga gida aiki ne na yini guda, kuma na ga kogon da wannan kaɗai ya busar. Idan ruwan daga ƙarƙashin ƙasa yake tasowa, sai an haƙa magudana a ciki da rami mai famfon zuƙewa.

Daga nan sai leda. Ƙasa ko da ta yi kama da busasshiya tana fitar da tururi dare da rana. Ko wace hanya ka zaɓa a gaba, a shimfiɗa leda mai kauri a kan ƙasar gaba ɗaya. Mafi ƙarancin da ake karɓa ita ce mai kaurin milimita 0.15, wadda ake sayarwa da sunan mil 6, amma gwiwa ɗaya a kan tsakuwa ta huda ta. Idan za a riƙa shiga gyara, ɗauki mil 10 zuwa 20. Inda leda biyu suka haɗu a ɗora ɗaya kan ɗaya da aƙalla santimita 15 a liƙe da tef ɗin da aka yi don haka, a ɗaga bakinta ya hau bango da aƙalla santimita 15 a manne, a naɗe gindin kowane ginshiƙi.

To, mun iso shawarar. Hanya ta farko ita ce ka ce kogon waje ne: tagogi su zauna a buɗe, abin tare sanyi ya zauna a jikin daɓen. Hanya ta biyu ka ce kogon cikin gida ne: a toshe tagogi, a rufe bangon harsashi da abin tare sanyi, a cire audugar daɓen, kogon ya zama kamar wani gajeren ɗaki da ba a kwana a ciki.

A gidanka, da bututun ɗumi da na ruwa a ƙasa, ta biyun zan zaɓa, kuma ga dalilina. Idan ka cika daɓen da auduga yadda ya kamata, ka yanke ɗumin da ke ɗiga daga ɗaki zuwa kogo, wanda shi ne ke hana bututun ruwanka daskarewa duk shekarun nan ba ka sani ba. Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari. Na taɓa zuwa wani gida da aka yi wa daɓen aiki mai kyau ƙwarai a kaka, daren farko da sanyi ya sauka sosai bututu ya fashe, aka wayi gari audugar da aka saya jiya-jiya tana ɗiga. Bututun iskar ɗumi ma haka: shirin Energy Star na Amurka ya ƙiyasta cewa a gida na yau da kullum kashi 20 zuwa 30 na iskar da ke bin bututun yana zurarewa ta mahaɗa da huji. Idan kogon waje ne, wannan ɗumi ka biya kuɗinsa ka ba iska. Idan cikin gida ne, ya tsaya ƙarƙashin ƙafarka. Ga kuma lissafin faɗi. Gida mai mita 10 sau 10 yana da daɓe murabba'in mita 100. Bangon kogonsa, in tsayinsa santimita 80 ne, mita 40 sau 0.8, wato 32 kawai. Ka rufe kashi ɗaya cikin uku na faɗin, a kan bango miƙaƙƙe, maimakon ka kwanta rigingine kana cusa auduga tsakanin waya da bututu. Ƙasar kanta kuma tana taimaka maka, domin ƙasar da ke ƙarƙashin gida ba ta bin sanyin waje yadda iska ke bi. Kogon da aka rufe da kyau yakan tsaya wajen digiri 12 zuwa 16 a tsakiyar lokacin sanyi, a daren da waje ya yi ƙasa da sifili.

Wani zai ce ai tagogin an sa su ne don su busar da kogon. Haka aka yi niyya, kuma tsohuwar ƙa'ida tana neman faɗin tagogi ya kai kashi 1 cikin 150 na faɗin ƙasar kogon. Amma a yankin da bazara ke zuwa da laima, akasin haka suke yi. Iska mai digiri 30 da laima kashi 70 tana fara zubar da raɓa idan ta taɓa abin da ya sauka zuwa digiri 24. Kogo a bazara ya fi haka sanyi. Sai iskar ta shigo ta taga ta yi zufa a jikin bututu, azara da auduga. Audugar da ka gani tana reto, mai yiwuwa haka ta sha ruwa ta yi nauyi ta zazzago. A farkon shekarun 2000 cibiyar Advanced Energy ta gwada wannan a gidaje 12 iri ɗaya a jihar Karolina ta Arewa, wasu an bar tagoginsu wasu an rufe, kuma rufaffun ne suka fi bushewa suka kuma fi ƙarancin shan wutar lantarki. Ƙa'idar IRC a sashe na R408.3 ta amince da kogo marar taga, da sharuɗɗa.

Sharuɗɗan nan su ne abin da abokinka mai cewa a toshe bai faɗa maka ba. Kogo rufaffe dole a ba shi hanyar bushewa. Ko dai a buɗe masa ƙaramar kafa daga bututun ɗumi, ko a sa ƙaramar fanka da ke fitar da iskarsa waje ba tsayawa, a gwargwadon kusan lita 1 a daƙiƙa ga kowane murabba'in mita 10, ko a ajiye na'urar tsotse laima mai bututun zubar da ruwa. Ni na fi son na'urar tsotsewar inda laima ke da yawa, tare da ƙaramin ma'aunin laima da za ka iya karantawa daga falo. Ka riƙe ta ƙasa da kashi 60.

A jikin bangon, allon soso mai tauri ake mannawa. Ƙarfin tare zafi ana auna shi da lambar R, wadda girmanta ke nuna yawan tarewa: allon soso irin XPS yana ba da kusan R-5 a kowane inci, farin EPS kusan R-4, kumfar feshi mai rufaffen ƙwaya kusan R-6, audugar gilas 3 da ɗoriya. A yankuna masu matsakaicin sanyi ana neman R-10 a bangon kogo, masu tsananin sanyi R-15, wato allo mai kaurin santimita 5 zuwa 7.5. Kada a sa audugar gilas ta taɓa bangon siminti. Soso kuma yana cin wuta, don haka ko a sayi wanda aka amince a bar shi a fili, ko a rufe fuskarsa da abin da hukumar gine-gine ta yarda da shi. Inda ake da gara, a bar tsiri na kusan santimita 7 a saman bango ba a rufe ba, domin mai duba gara ya ga hanyarta idan ta fara hawa. Wasu na ganin asarar ɗumi ce. Ni na gwammace asarar tsiri ɗaya da asarar azara.

Wurin da nake so ka fi ba lokaci shi ne bakin gida, inda ƙarshen azara ya haɗu da katakon da ya kewaye gidan a kan harsashi. Tsakaninka da waje a nan katako ɗaya ne mai kaurin santimita 4, ga tsaga a samansa, ga tsaga a ƙasansa inda ya zauna kan siminti marar laushi. Kowane gurbi tsakanin azara biyu, ka yanka allon soso mai kaurin santimita 5 ya gaza gurbin da kusan santimita 1 ta kowane gefe, ka danna shi ya manne da katakon, ka cike kewayen da kumfar gwangwani. Cusa auduga kawai a nan bai isa ba, iska tana ratsa ta kamar rariya, ta kai laimar ɗaki jikin katako mai sanyi ta yi raɓa a ɓoye. Aiki ne mai cin rai, gida ɗaya yana iya samun gurbi sittin ko fiye, amma idan awonka ya nuna gefen bango ne ya fi sanyi, wannan kaɗai zai iya ɗaga shi da digiri da yawa. Ko wace hanya ka bi, wannan aikin yana ciki. Ƙofar shiga kogon ma a manna mata soso a sa mata roba a baki, kada a yi kitso a bar ƙeya.

Abu biyu ne za su sa in ce ka dakata kafin ka toshe ko taga ɗaya. Na farko, idan akwai tukunyar ɗumama gida ko ta ruwan zafi mai aiki da gas ko mai a cikin kogon, kuma daga iskar kogon take shaƙa. Ka toshe mata iska, hayaƙinta yana iya juyowa cikin gida, kuma kabon monoksaid, gubar da ke cikin hayaƙin, ba shi da wari ba shi da launi. Wannan sai ma'aikacin gas ya gani da idonsa, ko a kawo mata iska ta bututu daga waje ko a canza ta da mai rufaffiyar ƙonawa, kuma a sa na'urar gargaɗi kusa da ɗakunan kwana. Na biyu radon, iskar da ke fitowa daga ƙasa a wasu yankuna, wadda ita ce ta biyu bayan taba wajen jawo sankarar huhu. Ka gwada kafin aiki, ka sake gwadawa bayan aiki. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana cewa a ɗauki mataki idan awon radon ya kai pikokuri 4 a lita ɗaya ta iska, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa ma'auninta a bekerel 100 a kubik mita. Idan ya yi yawa, ana sa bututu mai huji a ƙarƙashin ledar da fanka mai fitarwa ta saman rufi. Ya fi sauƙi a shimfiɗa bututun tun kafin a liƙe leda.

Akwai gidajen da hanya ta farko ce tasu, ba zaɓi. Gidan da ke yankin ambaliya, wanda doka ta sa a bar masa kafofin da ruwa zai shiga ya fita don kada ya ture bango. Gidan da ke tsaye kan ginshiƙai babu bango a kewaye. Da tsoffin gidajen Ingila masu daɓen katako da bulo mai huji a gindin bango, inda sararin ƙasa kan yi ƙanƙanta kuma iskar da ke ratsawa ita ke tsare katakon daga ruɓa; waɗannan ba a toshe musu huji, sai dai a ɗaga allunan daɓe a shimfiɗa raga ko mayafi mai numfashi a zuba abin tare sanyi a kai. Idan naka ya faɗa cikin irin waɗannan, to a yi aikin daɓen da gaske. A cire tsohuwar audugar duka. A toshe kowane huji da ke jikin daɓen tukuna, manya da guntun allo da kumfa, kewayen bututun hayaƙi da ƙarfe da manne mai jure wuta. Sannan a sa sabuwa ta cika gurbin, ta taɓa ƙasan daɓen ko'ina, domin tazarar yatsa biyu tsakaninta da katako hanya ce da iska mai sanyi za ta bi daga wannan bango zuwa wancan. Idan mai fuskar takarda ce, takardar ta kalli sama, wajen ɗumi. Yankuna masu matsakaicin sanyi R-19, kusan santimita 15. Masu sanyi sosai R-30, kusan santimita 25. Kada a matse ta don ta shiga, iskar da ke tsare a cikinta ita ke aikin. Na fi son audugar dutse a nan saboda tana da tauri, tana zama inda aka sa ta, kuma ba ta shan ruwa kamar ta gilas. A tallafe ta da waya ko raga kowane rabin mita. Mafi kyau duka shi ne a bi ƙasan azarar da allon soso a liƙe mahaɗarsa, ya tare iska, ya hana ɓera, ya kuma yanke sanyin da ke bin jikin azarar kanta, wadda ke zuwa kowane santimita 40. Bututun ruwa kuma a tabbata ya koma ɓangaren ɗumi, ko a naɗe shi a sa masa wayar ɗumi mai kashe kanta. Mahaɗar bututun iska a shafe su da mannen da ake shafawa da buroshi. Tef ɗin yadi mai ruwan toka yana bushewa ya saki cikin 'yan shekaru.

Idan sanyi ya riga ya kama kuma babban aiki sai bazara, akwai abin da za ka yi a wannan makon. Bi gindin bango da silikon inda turare ya nuna maka. Toshe ramin ƙarƙashin baho da na ƙarƙashin sink. Shimfiɗa leda a kogon ko da ba a liƙe ta tsaf ba. Idan babu na'urar gas a ciki kuma ƙasar a bushe take, yanka soso ka toshe tagogin na watannin sanyi kawai, iskar hunturu ba ta da laimar da za ta dame ka. Rubuta ranar cirewa a kalanda. Kafet mai shimfiɗa a ƙarƙashi yana canza yadda ƙafa ke ji nan take. Fankar sili a juyar da ita ta riƙa tura iska sama a hankali, tana sauko da ɗumin da ya maƙale a rufi. Abin da ba zan yarda ka yi ba shi ne ajiye hitar lantarki a kogo ka rufe ka tafi barci, a wurin da ke da ƙura, leda da busasshen katako kuma babu mai gani.

Game da shimfiɗa wayar ɗumi a ƙarƙashin tayil, wadda na san za ta zo maka a rai: tana da daɗi a banɗaki, amma a kan daɓen da ƙasansa ke buɗe, kogon ne zai sha kaso mai yawa na wutar. Ita ce ta ƙarshe a layi. Kuma ka san abin da za ka samu bayan duk wannan wahala. Daɓen da yake 12 ko 13 yakan koma 18 ko 19, ɗaki yana 21. Yara za su koma wasa a ƙasa, kai ma za ka cire safa ɗaya, amma ɗumi irin na daɓen da ake hura wa wuta sai an sa masa wutar. Ka ajiye takardar awon nan ta farko, ka sake aunawa a wuraren nan goma da asubar da sanyinta ya yi daidai da na ranar, bayan kowane mataki. Idan bayan toshe bakin gida da kafofin sili lambobin sun kai inda kake so, sauran aikin kogon sai ka yi shi a bazara don laima, ba cikin gaggawa ba.